Darasi: Yadda za mu yi amfani da jagoran awo wajen kafa katakon gefen ƙofa da taga



Darasinmu na yau ya haɗa abubuwa 3: aikin hannu, lissafi, da kiwon lafiya. Za mu koyi yadda ake rufe tsagar da ke tsakanin bango da katakon ƙofa ko na taga. Za mu koyi haɗa wani ɗan ƙaramin ma'auni da kanmu, daga guntayen katako. Wanda ya iya karanta lambobi daga 1 zuwa 200 zai iya wannan aiki.

Me ya sa tsaga take da hatsari?

Mu tashi mu duba ƙofar ɗakinmu da rana, mu rufe ta daga ciki. Sau da yawa za mu ga haske yana shigowa ta gefe. Duk inda haske ya shigo, sabro ma zai shigo. Macen sabro ce take ɗauke da ƙwayar masassara, kuma da dare take cizo, lokacin da iyali suke barci. A ƙasarmu Nijar masassarar cizon sabro ta fi tsanani da damina da kaka. Yara ƙanana da mata masu ciki su ne suka fi wahala da ita.

Ta wannan tsaga kunama take shiga. Ta nan ƙurar hunturu take cika ɗaki. A ɗakin ajiya kuwa, ƙaramin kusu yana iya ratsa tsagar da fensir zai shiga. Ya ɓarnata gero da wake, ya huda buhu, ya bar kashi cikin cimaka.

Masana sun gwada wannan magana a ƙasar Gambiya. Sun sa ragar waya a tagogi da ƙofofi, sun toshe kafofi. Sakamakon da aka buga a shekarar 2009 ya nuna sabron da ke shiga irin waɗannan ɗakuna ya ragu da kimanin rabi. Yaran da ke kwana cikinsu kuma ba su yi fama da ƙarancin jini kamar sauran ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya rufe gidaje da raga cikin shawarwarinta na yaƙi da masassara. Rigakafi ya fi magani.

Sunayen da za mu riƙe

Kafin mu fara, mu daidaita sunaye 4, don kada mu rikice.

1. Gambu: shi ne ƙyauren da ake buɗewa da rufewa.
2. Kadir: su ne katakan da aka kafa a bakin ƙofa ko taga, masu ɗauke da gambu.
3. Katakon gefe: shi ne siririn katako mai faɗi da ake bugawa a fuskar kadir. Sashensa yana kan kadir, sashensa yana kan bango. Shi yake rufe tsaga, shi kuma yake danne ragar waya.
4. Jagoran awo: shi ne ɗan ma'aunin da za mu haɗa. Aikinsa ya nuna mana daidai inda katakon gefe zai zauna.

Tunatarwa a kan awo

Metir 1 santimetir 100 ne. Santimetir 1 milimetir 10 ne. Saboda haka milimetir 5 rabin santimetir ne. Mu buɗe metir ɗinmu mu duba. Tsakanin lamba 1 da lamba 2 akwai ƙananan zane. Na tsakiya ya ɗan fi sauran tsawo. Wannan shi ne rabin santimetir. Mu riƙe shi da kyau, domin a kansa darasin nan yake tafiya.

Taƙi da kamu suna da amfaninsu a kasuwa da gona. Amma taƙin Malam ba ɗaya yake da na ɗansa ba. Aikin katako yana son awon da ba ya sauyawa.

Kayan aiki

Metir, fensir mai tsini, zarto, guduma, ƙananan ƙusoshi, zare da ɗan dutse, guntayen katako 2, katakon gefe, da ragar waya idan taga ce. Idan akwai fenti, ya ƙara kyau.

Mu zaɓi busasshen katako miƙaƙƙe. Ɗanyen katako yana tsukewa idan ya bushe, sai tsaga ta sake buɗewa. Mu ɗaga katako ɗaya ɗaya, mu rufe ido guda, mu hango tsawonsa. Wanda ya karkace mu aje shi.

Faɗin katakon gefe ya danganta da faɗin kadir. Misali, fuskar kadir santimetir 4 ce. Idan muka sayi katakon gefe mai faɗin santimetir 6, to santimetir 3 da rabi zai hau kadir, santimetir 2 da rabi ya haye tsaga ya hau bango. Sauran rabin santimetir na fuskar kadir za a bar shi a buɗe.

Me ya sa ake barin rabin santimetir?

Wani zai ce: me zai hana a buga katakon gefe daidai da bakin kadir? Dalilai 3 ne.

Na farko, gambu yana bukatar wurin juyawa. Idan katakon gefe ya matso baki, zai tokare ƙarfen da gambu yake juyawa a kai. Ƙofa ta ƙi buɗewa sosai.

Na biyu, katako yana motsi. Da damina yana shan laima ya kumbura. Da hunturu yana bushewa ya tsuke. Katakai 2 da aka daidaita baki da baki ba za su daɗe a haka ba. Amma idan akwai ƴar tazara tun farko, motsin ba zai hana ƙofa aiki ba.

Na uku, tazarar da take iri ɗaya daga sama har ƙasa ita ce take sa aiki ya yi kyau ga ido.

Wahalar ita ce auna milimetir 5 da metir sau 20 ko fiye. Hannu yana rawa, ido yana gajiya. Nan a sami milimetir 4, can a sami 7. Jagoran awo yana raba mu da wannan wahala. Sau ɗaya za mu auna da natsuwa, daga nan jagora ya riƙa maimaita mana.

Yadda za mu haɗa jagoran awo

1. Mu sami guntayen katako 2 masu santsi. Kowane ya kai tsawon santimetir 10 da faɗin santimetir 4. Bakin kowane ya zama yankakke daidai, ba a karkace ba.
2. A kan guntu na farko, mu auna milimetir 5 daga baki. Mu ja layi da fensir daga gefe zuwa gefe.
3. Mu ɗora guntu na biyu a kansa, bakinsa ya tsaya daidai kan layin. Yanzu guntu na farko ya zarce na biyu da milimetir 5. Wannan abin da ya zarce za mu kira shi leɓe.
4. Mu buga ƙusoshi 2 mu haɗa su. Ƙusa ɗaya ba ta isa ba, domin guntayen za su juya.
5. Mu sake auna leɓen a gefen dama da na hagu. Idan duka milimetir 5 ne, jagora ya haɗu. Idan ba haka ba, mu cire mu sake. Kuskuren jagora zai bi dukan ƙofofin gida.
6. Mu rubuta 5 a bayansa, mu huda shi, mu sa zare don ratayewa.

Mu duba kadir tukuna

Jagora yana bin bakin kadir ne. Idan kadir ya karkace, katakon gefe ma zai karkace. Don haka mu gwada kadir ta hanyoyi 3.

Gwaji na farko: tsayuwa. Mu ɗaure dutse a zare, mu rataya shi daga saman kadir. Mu bari ya daina lilo. Tazarar zare da katako ta zama ɗaya a sama da ƙasa.

Gwaji na biyu: faɗi. Mu auna faɗin cikin kadir a sama, a tsakiya, da ƙasa. Lambobin 3 su zama ɗaya.

Gwaji na uku: kusurwa. Mu auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu. Mu sake aunawa daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Idan awon 2 ya zo ɗaya, kusurwoyi sun daidaita. Taga mai faɗin santimetir 60 da tsawon santimetir 80, kowane awo na gicciye zai ba da santimetir 100 cif. Da wannan lissafi na 60 da 80 da 100 za mu iya gwada kowace kusurwa, har ta tushen gini.

Idan kadir ya karkace, mu gyara shi da ƴan guntayen katako da ake cusawa tsakaninsa da bango. Bayan haka mu cike tsagar da kwaɓaɓɓiyar laka ko siminti. Mu bari ta bushe. Katakon gefe murfi ne kawai. Idan muka bar rami a bayansa, mun yi wa kunama da kyankyaso ɗaki.

Yadda ake zane da jagora

Mu riƙe jagora da hannun hagu. Gajeren guntu ya shiga cikin bakin ƙofa, bakinsa ya tokare cikin kadir. Leɓe kuma ya kwanta a fuskar kadir. Mu ja ɗan layi da fensir a bakin leɓen. Wannan layi yana nesa da bakin kadir da milimetir 5 daidai.

Mu gusa da jagora, mu yi irin wannan zane bayan kowane santimetir 30. Mu bi gefen dama, gefen hagu, da sama. A taga mu haɗa har da ƙasa.

A kowace kusurwa mu ja layin tsaye da na kwance har su gicciya juna. Wurin da suka gicciya yana da muhimmanci ƙwarai. Daga nan yankan kusurwa yake farawa.

Mu fiƙe fensir a kai a kai. Dakusasshen fensir yana ja da layi mai kauri, ya ci mana milimetir 1 ko 2.

Lissafin ƙofa

Mu ɗauki misali. Cikin kadir yana da faɗin santimetir 80 da tsawon santimetir 200. Katakon gefe yana da faɗin santimetir 6. Ƙofa tana bukatar katakai 3: na sama 1, na tsaye 2. Tun da a jirge za a yanke bakinsu, kowane katako yana da gajeren gefe a ciki da dogon gefe a waje.

Na sama, gajeren gefe: 80 da rabi da rabi, ya zama 81.
Na sama, dogon gefe: 81 da 6 da 6, ya zama 93.
Na tsaye, gajeren gefe: 200 da rabi.
Na tsaye, dogon gefe: 200 da rabi da 6, ya zama 206 da rabi.

Jimla: 93 da 206 da rabi da kuma 206 da rabi, ya zama santimetir 506. Wato metir 5 da santimetir 6. Wanda ya sayi metir 5 kawai, katako zai yanke masa. Kuma mu lura, kowane na tsaye yana son katako guda da ya wuce metir 2. Mu tambayi tsawon katakon kafin mu biya kuɗi. Da wannan lissafi a takarda za mu je wurin mai sayar da katako, mu san abin da muke saye.

Yadda ake yankan kusurwa

A kusurwa katakai 2 suna haɗuwa, kowane an yanke shi a jirge, rabi da rabi. Ga hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar wani ƙarfe na musamman.

1. Mu sa alama a gajeren gefe, inda yanka zai fara.
2. Daga alamar mu ja miƙaƙƙen layi ya ratsa faɗin katako zuwa gefen waje.
3. A gefen waje mu ƙara gaba da santimetir 6, wato daidai faɗin katakon. Mu sa alama ta biyu.
4. Mu haɗa alamar farko da ta biyu da layi. Wannan shi ne layin yanka.

Idan faɗin katakon santimetir 5 ne, sai mu ƙara 5. Idan 7 ne, sai mu ƙara 7. Ƙa'idar ba ta sauyawa.

Zarto yana cin katako yayin da yake yanka. Saboda haka mu bi da shi ta gefen da za a yar, mu bar layin fensir a jikin katakon da muke so. Katakon da ya yi tsawo ana rage shi. Wanda ya gajarce ba shi da magani. Mu auna sau 2 kafin zarto ya taɓa katako.

Kafawa

Kafin bugawa mu shafa fenti a gaba da baya da bakunan da aka yanke, mu bari ya bushe. Fenti yana rage shan laima. Gara ta fi shiga ta ƙasa, inda katako ya taɓa turɓaya. Ya fi kyau ƙasan katakon tsaye ya zauna kan dokin ƙofa na siminti ko dutse.

1. Mu fara da na sama. Gefensa na ciki ya bi zanen fensir. Gajerun bakunansa su tsaya daidai kan gicciyen kusurwa. Mu buga ƙusoshi 2, amma kada mu nutsar da su.
2. Mu tsai da na dama a wurinsa tun ba a yanke ba. Mu sa masa alama daidai kan gicciyen. Alamar da aka ɗauka a jikin ƙofa ta fi ta takarda gaskiya, domin wani lokaci daɓe ba ya daidaita.
3. Mu yanke, mu gwada. Idan kusurwa ta haɗu babu haske, mu buga ƙusoshi 2. Idan akwai ƴar tsaga, mu kankare baki kaɗan kaɗan.
4. Mu yi wa na hagu haka. Kada mu ɗauka tsawonsa ɗaya da na dama. Kowane da alamarsa.
5. Mu sake bi da jagora ko'ina. Leɓensa ya taɓa katakon gefe daga sama har ƙasa.
6. Mu buɗe gambu mu rufe sau da yawa. Idan babu inda ya tokare, mu nutsar da ƙusoshi. Mu ƙara wasu bayan kowane santimetir 30 zuwa 40.

Ƙusa a cikin kadir take shiga. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙaramar ƙusa. Kada mu buga kusa da bakin katako, zai tsage. Idan muka ɗan dakusar da tsinin ƙusa da guduma, tsagewa tana raguwa. Inda bango bai shafe daidai ba, mu liƙe bayan katakon gefe da laka.

Taga da ragar waya

Taga tana bukatar katakai 4. Mu koma ga misalinmu na 60 da 80. Gajerun gefuna za su zama 61 da 81. Dogayen gefuna za su zama 73 da 93. Jimla: 73 sau 2 da 93 sau 2, ya zama santimetir 332.

Raga tana zama a fuskar da gambun taga ba ya buɗewa ta nan. Mu yanke ta da ƙarin santimetir 2 a kowane gefe, wato 64 da 84. Mu yi zane da jagora kafin mu ɗora raga. Mu kafa ta da ƙananan ƙusoshi, mu fara daga sama. Mu ja ta ƙasa ta miƙe, sannan dama da hagu. Daga nan katakon gefe ya danne bakinta. Ta haka waya ba za ta soki hannun yara ba, iska kuma ba za ta ɗaga ta ba.

Idan tagogi da yawa ne masu girma ɗaya, mu sami miƙaƙƙiyar sanda mu sa mata alamar 61 da ta 81. Da ita za mu auna dukan katakan. Ita ma jagora ce.

Masu ƙofar ƙarfe, kamar yadda muke gani a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, su ma gwajin zare da awon gicciye zai amfane su. Su yi shi kafin magini ya cike gefen da siminti, domin bayan ya bushe gyara yana da wuya.

A ɗakin ajiya mu duba ƙarƙashin gambu. Idan fensir yana wucewa, mu buga ƴar fallen kwano a ƙasan gambun. Kusu yana gaigayar katako, amma kwano ya fi ƙarfinsa.

Hattara

Mu tsince duk ƙusar da ta faɗi da guntayen waya. Yaranmu suna yawo ba takalmi. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je gidan likita ran nan. Irin wannan rauni yana kawo ciwon da likitoci ke kira tetanos, mai sanƙarar da jiki, kuma akwai allurar rigakafinsa.

Raga ba ta maye gurbin sange. Mu ci gaba da kwana cikin sange mai magani. Mu toshe kafofin da ke tsakanin bango da rufi. Mu rufe ƙofa tun magariba. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne rani. Katako ya bushe, aikin gona bai taso ba. Kafin ruwan farko ya sauka, ɗaki ya riga ya rufu.

Aikin da za mu yi a aji

1. Milimetir nawa ne a cikin rabin santimetir?
2. Mu faɗi dalilai 3 da suka sa ake barin tazara a bakin kadir.
3. Wata ƙofa tana da faɗin santimetir 70 da tsawon santimetir 190. Katakon gefe mai faɗin santimetir 5 ne. Nawa ne gajeren gefen katakon sama? Nawa ne dogon gefensa?
4. Wata taga tana da faɗin 50 da tsawon 50. Raga mai girman nawa za mu yanke?
5. Kowa ya auna ƙofar ɗakinsa da tagarsa, ya rubuta lambobin a littafinsa, ya kawo wa malami.

Muna kira ga kowace cibiyar yaƙi da jahilci ta haɗa jagoran awo guda, ta fara gwadawa a ƙofar ajinta. Wanda ya iya ya koya wa maƙwabcinsa. Mata ma su riƙe metir su karanta lambobi, domin su ne suka fi sanin inda sabro da ƙura suke shigowa.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.